Wace irin riga ce ta dace da Kindle a zafin Saudiyya?

Sabon ɗalibi, Madina:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu karatu da na'ura irin su Kindle ina neman shawara. Wani ɗan'uwa da ya kammala ya koma gida ne ya bar min Kindle ɗinsa samfurin Paperwhite, haka tsurarsa ba riga ba komai, ni kuma kullum cikin jaka yake tare da littattafai da caja da goran ruwa, daga masauki zuwa kulliya, daga kulliya zuwa Harami. Na leƙa intanet na ga riguna kala kala har kaina ya ɗaure, akwai mai marfi kaman littafi, akwai ta roba fara wadda baya kawai take rufewa, akwai kuma irin mai zif da ake zura shi ciki. Wacce ta fi? Kuma a tausaya, kuɗin mukafa'a ne, ɗan alawus ɗin ɗalibai, a hannuna.

Direba, Riyad:
Wa alaikumus salam. Ƙanena wace riga kuma. Abin da aka ƙera shi dan ka riƙe da hannu ɗaya kana kwance, sai ka ɗora mai wata ƙatuwar riga ya koma nauyin kundi? Nawa tunda na siya ban taɓa sa mai komai ba kuma lafiyarsa lau, ya faɗi a kan tayil ya fi a ƙirga. Ajiye kuɗinka ka sha shayi.

Mai gyaran waya, Jidda:
Ya akhi direba kar ka ɓatar da yaro. Naka Allah ne ya tsare kawai.

Direba, Riyad:
Toh ai Allah ne mai tsarewa dama 😄

Mai gyaran waya, Jidda:
Na'am, amma da sababi. Bari in yi bayani dan wallahi mutane da yawa ba su san yadda fuskar abin nan take ba. Abin da kake taɓawa da yatsa a sama ba shi ne matsalar ba. A ƙarƙashinsa akwai wani gilashi siriri ƙwarai, a kansa aka shimfiɗa tawadar da ke fito da rubutun, shi ne ke fashewa. Kuma abin haushin sai ya fashe daga ciki sama tana nan sumul ko ƙarzane babu, kai dai ka buɗe ka ga rabin shafi ya daskare, wasu layuka baƙaƙe da farare sun ratsa, sauran rabin yana aiki. Duk wanda aka kawo min da wannan alamar in na tambaya da wuya ka ji an ce faɗuwa yayi. Daga cikin jaka aka fito da shi. Ko an jingina da jakar a mota, ko kan caja ya tokare fuskar, ko an cusa shi tsakanin mujalladi biyu ya lanƙwashe kaɗan. Dannawa da murɗawa su ne ajalinsa. In ya faɗi ma sau da yawa gefen roba ne ke shan dukan ya tsira.

Kuma in ta fashe khalas. Ba irin ta waya bace da zan miƙa hannu in ɗauko a shago, sai an yi oda daga Sin, ga ta manne da gam, in ka haɗa kuɗin fuska da na aiki gara ka nemi na hannu a kasuwar intanet ta Haraj. Dan haka kai ɗalibi mai yawo da jaka, rigar roba mai rufe baya kawai ba taka bace. Wannan ta masu karatu a kan gado ce.

Sabon ɗalibi, Madina:
Ikon Allah. Ni kuwa ita na so ɗauka dan ita ta fi araha. Jazakallahu khairan yaya.

Nas, Dammam:
Ni ita nake amfani da ita fa kuma ina jin daɗinta, na sa hotuna da ƴan takardu a bayan suna fitowa ras. Amma gaskiyar mai gyara ne, ba na jefa shi jaka haka, akwai wata ƴar jaka mai soso da nake zura shi in zan tafi aiki. A gida roba, a hanya soso.

Tsohon ɗalibi, Ummul Ƙura:
Kafin a yi nisa, ƙanena ka san wane Paperwhite ne a hannunka? Dan nan ne aka fi asarar kuɗi. Sunan ɗaya ne amma girman ba ɗaya ba. Na 2018 inci 6 ne, na 2021 inci 6.8, na 2024 kuma inci 7. Rigar wannan ba ta shiga wancan. Na 2021 da na 2024 a ido kaman ɗaya suke, ɗaya tsawonsa milimita 174 ɗayan kusan 177, amma wannan ɗan bambancin ya isa riga mai tauri ta ƙi zama.

Ga kuma wani tarkon da ya fi wannan. Ƙaramin Kindle na 2022 da Paperwhite na 2021 duka biyun ana ce musu jil na 11, wato zubi na 11. Wani ɗan ajinmu ya ga an rubuta jil na 11 kawai ya danna oda, da kaya suka iso sai ga ƴar riga ta inci 6, nashi kuma 6.8, mai sayarwan kuma yace ai an riga an yage leda ba ya karɓa. Har yau tana cikin durowarsa. Dan haka kar ka tsaya a lambar jil, ka duba sunan da shekarar da incin, uku ɗin su dace.

Sabon ɗalibi, Madina:
Toh ya zan gane nawa? Babu kwali babu rasit, mai shi kuma yana can ƙauyensu waya ba ta shiga.

Tsohon ɗalibi, Ummul Ƙura:
Dubi bakin caji. In irin tsohon bakin nan ne mai gefe ɗaya a fiƙe, wanda sai ka juya waya daidai take shiga, to na 2018 ne ko wanda ya girme shi. In USB-C ne to daga 2021 ne zuwa sama. Sannan juya bayansa can ƙasa akwai ƙananan rubutu da lambar samfuri, rubuto mana ita.

Direba, Riyad:
Kun ga irin wahalar da nake faɗi ko. Da ya bar shi yadda yake da duk bai shiga wannan lissafin ba.

Mai gyaran waya, Jidda:
Kai direba tunda ka dawo, a ina kake ajiye naka in kana aiki?

Direba, Riyad:
Aljihun ƙofa, wani lokacin saman dashbod in ina jiran yara su taso daga makaranta.

Mai gyaran waya, Jidda:
La haula. To kai matsalarka ta wuce ta riga ma. Kamfanin da kansa ya rubuta a takardar na'urar ana amfani da ita daga digiri 0 zuwa 35, ajiya kuma kar ta wuce 45. Yanzu faɗa min Riyad a watan Yuli nawa take kaiwa a inuwa? Balle cikin mota a rufe a rana, dashbod yana wuce 60 cikin sauƙi. Batirin lithium ne a ciki irin na waya, zafi yana cinye ƙarfinsa a hankali, wata rana kuma ya kumbura. Shi kuma in ya kumbura ba shi da wajen zuwa sai ya turo baya ko ya turo fuskar, gilashin nan da na faɗa ya tsage daga ciki ba wanda ya taɓa shi. Duk wanda ya ga bayan nasa ya ɗago ko riga ta fara ƙin rufuwa daidai ya cire caji, kar ya danna da hannu wai zai mayar, ya kai wajen masu gyara.

Kuma wannan ba rigar da ke maganinsa. Baƙar riga ma ƙara jan rana take.

Direba, Riyad:
Wannan kam na karɓa. Dama na lura caji baya daɗewa kaman da, da sai in yi makonni. Zan dinga shiga da shi aljihu. Amma maganar riga ina nan kan bakana.

Nas, Dammam:
Aljihun jallabiya? Ka zauna a kansa kenan 😂

Direba, Riyad:
Hajiya nas ki bar ni da abin da ya dame ni.

Maman yara, Jidda:
Slm. Ni ƙorafina a kan rigunan nan ne da ake rubuta musu fata alhali ba fata bace. Na siyo ma yarana guda biyu masu kyau, ɗaya shuɗi ɗaya ja, wlh ba su yi shekara ba suka fara saɓulewa, ka ɗauka sai ɓarɓashi ya manne maka a hannu da kan filo da cikin jakar makaranta, gefen da ake naɗewa shi ya fara tsagewa sannan sauran ya bi. Mutanen Jidda kun san raɓar nan tamu, ga gumi ga zafi, abin baya jurewa ko kaɗan. Wata ƙawata a Ɗa'if irin su ɗaya muka siya nata har yanzu da sauransa. Toh ni dai daga nan na koma ta yadi, irin mai kaman kyanbas, tana yin datti amma ana goge ta da ɗan tsumma mai laima, kuma ba ta zubar da fata.

Mai gyaran waya, Jidda:
Sahih. Roba ce aka shafa a kan yadi aka buga mata zanen fata, laima da zafi suna ruɓar da ita. Ko a shago in ta daɗe a ajiye tana yi. Araha ba ta ado ya ukhti.

Maman yara, Jidda:
Ai ba ma araha na siya ba, shi ne abin da ya ƙona min rai.

Dattijo, Makka:
Assalamu alaikum. Ina ta karanta ku tun ɗazu ina murmushi. Ƴaƴana abin da kuke ta kewayawa ai iyayenmu sun gama shi tuntuni. Alƙur'anin da muka taso da shi rubutun hannu ne, warƙa warƙa, ba a ɗinke ba. Yaya ake yawo da shi daga Kano har Makka a ƙasa, shekaru ana tafiya ta Chadi da Sudan, bai lalace ba? Ana sa shi tsakanin tadarishi, mai tauri sama da ƙasa, a ɗaure da igiyar fata, dan kar ya lanƙwashe. Sannan a zura cikin gafaka a rataya, ita kuma ta tare ƙura da ruwa da gogayya. Kowanne da aikinsa. Na ga mai gyara yana maganar dannawa, maman yara tana maganar laima, kowa ya kama gefe ɗaya. Yaro ka nemi mai tauri ta rufe fuska, ka nemi jaka ta rufe duka.

Sabon ɗalibi, Madina:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi gafakar kakana tana nan a gida, ban taɓa kawo ta a wannan lissafin ba.

Tsohon ɗalibi, Ummul Ƙura:
Allah ya saka Baba. Ni har na taɓa tunanin in aika awo Kano, dukawan Kasuwar Kurmi su yi min ƴar ƙaramar gafaka da jar fatar akuyar Sakkwato. Fatar da Turawa suka daɗe suna yi wa littattafansu bango da ita suna ce mata ta Maroko, alhali daga wajenmu take hawa ta Sahara.

Hajiya mai ɗinki, Makka:
Ka yi amma ka sa a yi mata shafi daga ciki da yadi mai laushi, kuma ka kula da rinin. Jan nan na karan dafi in ya haɗu da gumi yana zuba, ranar da ka rungumo ta a kan farar jallabiya za ka ba da labari. Na sha wanke irin wannan.

Kuma tunda an zo fagena bari in sa baki. Jakar nan ba sai an yi oda daga ko'ina ba, ragowar yadi ne da ke zube a ƙarƙashin keke. Yadda nake yi wa ɗalibai: atamfa ko shadda a waje, soso siriri a tsakiya, yadi mai laushi a ciki, sannan gefen da fuska za ta kalla in zura falle mai tauri. Da kwali nake sawa amma kwali in ya sha gumi ko ruwa ya taɓa shi sai ya yi laushi ya kumbure, yanzu bangon fayil na roba nake yankawa, irin mai kaurin nan, shi ko an wanke ba ruwansa. Zif kuma ba na so, haƙoransa na ƙarzar gefe in ana zurawa ana fitarwa, in kuma dole sai zif to da ɗan leɓe daga ciki da zai raba su. Na fi son marfi mai naɗowa da maɓalli na yadi. Maɓallin ƙarfe ko na matsawa kar a sa shi saitin fuska, dan duk rufewa sai ka danna.

Mai gyaran waya, Jidda:
Ma sha Allah Hajiya, wannan maganar maɓallin ko masu kamfani wasu ba su kula da ita ba.

Nas, Dammam:
Hajiya ni ma ina so, sosona ya fara yagewa. Zan biyo ki ta gefe.

Ɗan Mai Wurno, Jidda:
Ni shaida ne kan maganar Baba. Da yaƙi ya tashi a Khartum a Afrilun 2023 littattafaina na takarda duka can na bar su, kabad guda, abin da na fito da shi Kobo ɗina ne, na'urar karatu irin Kindle, da takardun makaranta. Ba shi da riga a lokacin. Na samu bangon wani tsohon littafi mai tauri na sa shi tsakiya na naɗe da rawani, na cusa tsakiyar kaya. Motar da muka hau zuwa Bur Sudan mutane a kan kaya suke zaune, jakata har da wanda ya taka ta, ga ƙura ga zafi, muka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Da na kwance rawanin lafiya lau, har da sauran caji. Wani da muke tare nashi cikin rigar roba mai kyau yake, a aljihun gaban jaka, ya fito da shi fuskar ta yi layi layi.

Dattijo, Makka:
Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar muku da alheri.

Maman yara, Jidda:
Amin ya Rabbi.

Sabon ɗalibi, Madina:
Amin. Na duba, bakin USB-C ne, a baya kuma an rubuta M2L3EK.

Tsohon ɗalibi, Ummul Ƙura:
To na 2021 ne, inci 6.8. Ka yi sa'a, rigunansa sun cika kasuwa kuma tunda sabo ya fito farashinsu ya sauka. Ka duba Amazon.sa ko Noon a intanet, ko ka leƙa kantin Jarir ka gani da idonka in suna da ita. Wadda kamfanin ya yi da kansa tana zama cif amma da tsada, na wasu kamfanonin ma akwai masu kyau, ka dai karanta abin da masu siya suka rubuta, musamman masu ɗora hoto bayan sun yi watanni da ita.

Abin da zaka duba: bayan ya zama roba mai tauri da ke kama kusurwa huɗu, marfin in ka lanƙwasa shi da yatsu biyu kar ya bi ka, cikinsa ya zama mai laushi. Sannan a bar wajen maɓallin kunnawa a buɗe sosai dan a ƙasa yake kusa da bakin caji, wasu rigunan ramin ya yi ƙanƙanta sai kan caja mai kauri ya ƙi shiga.

Nas, Dammam:
Tambaya. Wannan da in ka rufe marfi yake kwanciya da kansa, in ka buɗe ya farka, baya cin batir?

Mai gyaran waya, Jidda:
A'a, taimako ma yake. Ɗan maganaɗisu ne a cikin marfin, na'urar kuma tana da abin da ke jin kusantowarsa. Inda ake samun mushkila shi ne riga mara kyau, in ka naɗe marfin ta baya kana karatu maganaɗisun ya ratso ya kashe maka shafi a tsakiyar layi, ko kuma marfin baya kamawa sosai yana ta buɗewa yana rufewa cikin jaka, fitila na kunnuwa, ka fito da shi batir ya sauka. In ka siya ka gwada tun ranar, naɗe ta baya ka riƙe minti biyu, sannan ka rufe ka girgiza ka gani ko marfin na sakewa.

Wani abu kuma da zai shafe mu nan: kar ka ɗora waya a kan rigar kana duba alƙibla. Maganaɗisun yana ruɗa kamfas ɗin waya, sai ta nuna maka wani gefen daban. Katin ɗakin otal mai baƙin layi a baya shi ma yana iya mutuwa in ya kwana manne da ita, masu zuwa umara a kula. Katin banki na mada mai guntun ƙarfe ba abin da ke samunsa.

Direba, Riyad:
Kun ji ko! Riga har alƙibla take juyawa. Ni da ba ni da ita sallata na kallon gabas daidai.

Dattijo, Makka:
Ɗana kai da ke Riyad in ka kalli gabas ai ka ba wa Ka'aba baya. Yamma zaka kalla.

Direba, Riyad:
Tuba nake Baba, bakin ne ya saba da na gida 🙈

Malamin Islamiyya, Madina:
Allah ya shirye ka direba. Ina da ƙarin bayani kan masu son fata ta gaske. A duba wace fata ce, dan kayan da ake kawowa daga waje wani lokacin ana yin shafin ciki da fatar alade saboda laushinta. Alamarta ƙananan ramuka uku uku a jere kaman kusurwa uku, in ka kalla da kyau a haske zaka gani. Malamai sun yi saɓani kan fatar da aka jeme, amma a kan ta alade mafi yawa sun ƙi, kuma abu ne da zaka riƙe da hannu mai gumi ka shiga da shi masallaci. In ba a rubuta ta saniya ko ta akuya ba gara yadi. Haka riga mai hoton mutum ko dabba, a bar wa yara a gida.

Sabon ɗalibi, Madina:
Allah gafarta Malam, tunda akwai Alƙur'ani da littattafan hadisi a ciki, ya halatta in ajiye shi a ƙasa a Harami ko in shiga da shi banɗaki yana cikin jaka?

Malamin Islamiyya, Madina:
Abin da malamai da dama na wannan zamanin suka tafi a kai game da waya shi ne ba ta ɗaukar hukuncin mus'hafi matuƙar ayoyin ba su bayyana a fuskarta ba. Sai dai wannan na'urar ta bambanta da waya ta wani gefe, ita rubutu yana iya zama a fuskarta ko babu wuta, dan haka ka tabbata ka fita daga shafin ta kwanta, marfi a rufe. Ajiyewa a ƙasa kuma ko ba dan hukunci ba, a Harami bayan sallama ka san yadda ƙafafu ke wucewa.

Maman yara, Jidda:
Malam ni kuma na ji wani yace sam bai halatta ba ko a rufe.

Admin:
Dan Allah a kai wannan zauren fiƙihu, can Malam zai faɗaɗa. Nan a tsaya kan riga kar ɗalibi ya tashi ba amsa.

Nas, Dammam:
Toh maganar ruwa fa, tunda yace da gora yake yawo. Nasan Paperwhite baya jin ruwa.

Tsohon ɗalibi, Ummul Ƙura:
Daga na 2018 zuwa sama haka ne, an gwada shi a ruwan daɗi zurfin mita 2 har minti 60. Zamzam in ya zube a kai ba komai, a goge a bar bakin caji ya bushe kafin a sa waya. Ruwan teku ko shayi mai madara da sukari kuma sai an ɗauraye da ruwa mai kyau. Ƙaramin Kindle shi kam ba shi da wannan kariyar ko kaɗan, masu shi su sani. Amma rigar fa ita tana jin ruwa. In ta jiƙe a cire na'urar a shanya ta daban a inuwa, in ka bar su tare laima ta kwanta a tsakani sai wari da baƙin tabo.

Direba, Riyad:
Mu nan ƙura ce tamu. Abokin aikina mai riga, ranar da ya cire ta bayan nashi duk ya ƙarje, yashi ya shiga tsakani yana ta gurzawa. Nawa da ba riga ya fi nashi sheƙi. Wannan ma ku musa.

Mai gyaran waya, Jidda:
Wannan gaskiyarka ce, ba musu. Duk bayan guguwa ko dai lokaci lokaci a cire a kaɗe a goge. Amma wajen cirewa a bi a hankali, a fara ɓanɓare kusurwar rigar ɗaya da babban yatsa, rigar ake lanƙwasawa ba na'urar ba. Na taɓa karɓar wanda wajen cire riga mai matsewa aka fasa shi. Kuma ya direba ƙarjewar baya da fashewar fuska wanne zaka zaɓa?

Direba, Riyad:
Ba ko ɗaya. Hajiya mai ɗinki nawa ne jakar nan taki? Ba dan na sauka daga ra'ayina ba, saboda aljihu kawai.

Maman yara, Jidda:
Hhhh an zo wajen.

Sabon ɗalibi, Madina:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Zan ɗauki mai marfi ta yadi, launi mai haske, ta inci 6.8, sannan Hajiya ta ɗinka min jaka in mukafa'ar wata mai zuwa ta shigo. Saura abu ɗaya, gilashin kariya da ake manna wa fuska kaman na waya, in sa?

Mai gyaran waya, Jidda:
Na gilashi kar ka sa, yana ƙyalli a rana ya kashe amfanin fuskar, kuma baya hana fashewar ciki. In kana tsoron ƙarzane akwai leda mara ƙyalli, amma mai marfi baya buƙata.

Hajiya mai ɗinki, Makka:
Ɗana kar ka turo min awo yanzu, bari rigar ta iso ka sa mai, sannan ka auna tsawo da faɗi da kauri yana cikinta, in ba haka ba jakar zata matse. Direba kai turo naka yadda yake, ka faɗa min ƙarami ne ko Paperwhite. Akwai mai zuwa Madina ta jirgin Haramain cikin ƴan kwanakin nan? Ina da wasu guda biyu na ɗalibai da suka gama ɗinkuwa suna jiran mai kai musu.

Tsohon ɗalibi, Ummul Ƙura:
Ni zan je ranar Alhamis in sha Allah Hajiya, a ajiye min su a shago zan biyo bayan la'asar.